Shekarar da Shafaƙi Ya Ƙi Gushewa

Ni tun ina ƙarami ban iya zama wuri ɗaya ba. Inna takan ce ko a goye nake ƙafafuna tafiya suke yi. Babana kuwa ba haka yake ba ko kaɗan. Shekara talatin da wani abu yana ladanci a masallacin ƙauyenmu, can gefen Doguwa a gindin duwatsu, kuma da wuya ka ji ya kwana a wani gari. Idan aka gayyace shi biki ko suna a nesa, sai ya tambaya wa zai kira salla, maganar ta mutu a nan.

Bai taɓa ɗaura agogo ba. Azahar da La'asar inuwar sandarsa ke gaya masa. Magariba faɗuwar rana. Lisha kuma sai shafaƙi ya gushe, wato jan nan da ke saura a yamma bayan rana ta faɗi. A karatun da malamanmu suka gada, muddin jan nan yana nan to lokacin Lisha bai shiga ba, wanda kuma ya yi salla kafin lokaci bai yi ba. Akwai wani falalen dutse a bayan masallaci, nan yake hawa ya tsaya yana kallon yamma, hannunsa a baya. Idan ja ya mutu sai ya gyara murya.

Ni ne ɗan fari, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Da na fara koyar da kimiyya a wata sakandare a Kiru, cikin shekarun tamanin, sai ya sami mafita, ya riƙa ce mini malamin boko. Rabi girmamawa ce, rabi tsokana.

Koyarwar ba ta riƙe ni ba. Shekara uku na yi ƙafata ta fara ƙaiƙayi, na koma jami'a a birni neman babban digiri. Bincikena a kan hayaƙi ne: abin da ke tashi idan an ƙona daji ko gona, ina yake zuwa, kwana nawa yake yi a sama, da yadda ruwa ke wanko shi ƙasa. Na kafa kwalaben tarar ruwan sama a Bebeji da Kiru da Tudun Wada, da wasu 'yan injina masu zuƙar iska su tace ta a kan farar takarda. Kowane mako ina bisa babur ina zagaya su. Masu shayi da direbobin Kwanar Dangora sun san ni, suna ce mini mai sayen ruwan sama, har wani yakan tambaye ni nawa kwalba yau. Malamina, wanda ke duba bincikena, ya ba ni aron wata na'ura da ba ta fi rediyo girma ba, wadda ake saita ta da rana ta auna ƙarfin haskenta. Idan akwai abu a iska tsakaninka da rana, ko idonka bai gan shi ba, ita za ta nuna. Ina ji da na'urar nan kamar me. Kuma gaskiya a lokacin ina ji da kaina fiye da yadda nake ji da ita.

A ƙarshen daminar 1991 wani direban Doguwa ya tsayar da ni a Kwanar Dangora ya ce Inna ta ce in zo gida, ba rashin lafiya ba ne, amma in zo. Na tambaye shi mene ne, ya ce shi dai ya ji ana maganar masallaci.

Da na isa, Inna ta ja ni ɗakinta ta kwance mini komai. Tun da gajimare ya fara janyewa da yamma, Lisha ta fara ja da baya a ƙauyen. Mutane su idar da Magariba, su zauna jira kamar yadda suka saba, jira ya ƙi ƙarewa. Lokacin girbin masara ne, kowa ya wuni a gona jikinsa na neman tabarma. Tuwo na hucewa a gida. Ƙauyen da ke tsallaken rafi sun sayi lasifika, ana jin kiransu tangaram, har su sallame su watse, Baba yana kan dutse ko gezau. In an yi masa magana sai ya nuna yamma ya ce ku duba da kanku. Wani mai shago da ke zuwa Kano sarin kaya ya zo da kalanda mai lokutan salla ya kafa a bangon masallaci, ga agogonsa a hannu, kullum yana ɗaga hannun riga yana dubawa yadda kowa zai gani. Wasu na cewa tsufa ne ya kama Baba. Wasu na cewa taurin kai ne. Liman kuwa, mutum mai gudun rigima, ya ce ai ɗansa masanin sama ne, a kira shi ya raba gardama.

Ya kamata a ce na ji tsoro. Daɗi na ji. Shekara da shekaru mutanen nan na tambayar Inna wai har yanzu ban gama makaranta ba, yau ga shi sun aiko a kira ni.

Bayan Magariba na hau dutsen na tsaya kusa da Baba, jama'a na ƙasa suna kallonmu. Ba zan yi ƙarya ba, na ga abin. Yamma ta yi ja wur, jan ya hau sama sosai, ya koma shuɗi-shuɗi mai ɗaukar ido ta can bisa. Ya yi kamar zai mutu, sai kuma ya sake tasowa a hankali. Ban taɓa ganin irinsa ba. Na duba agogona na yi lissafi a ka. A wannan lokacin rana ta yi nisa a ƙarƙashin ƙasa, nisan da haskenta ba zai taɓa gajimare ba, ba zai taɓa hayaƙi ba, ba zai taɓa komai da na sani yana yawo a iska ba. Tunda ba rana ba ce, to wuta ce. Ga daji shimfiɗe a wannan ɓangaren, ga ni da shekara huɗu ina bin hayaƙinsa. Cikin minti kaɗan na gama shari'a.

Na sauko na yi bayani, da tsawo, da kalmomin da ni kaina na san ba don a gane nake faɗarsu ba. Na ce hasken gobarar daji ne daga bayan duwatsu yake dukan sama. Wani dattijon Bafulatani da ke saukowa daga ruga yana salla da su ya ce, cikin ladabi, shi jiya ya fito da shanu daga wannan dajin, ciyawa har ƙirji, ɗanya shar, ko da kananzir ba za ta kama ba. Na ce masa daji da faɗi, ba ko'ina ya taka ba. Ya ce haka ne, ya yi shiru. Har yau idan na tuna yadda ya yi shirun nan sai kunya ta kama ni.

Liman ya ce in taƙaita musu, shafaƙi ne ko ba shafaƙi ba ne.

Na san Baba yana bayana. Akwai hanyoyi da yawa da ɗa zai bi ya kauce wa irin wannan tambaya, kuma duk na san su. Zan iya cewa a ba ni kwana biyu in duba. Zan iya cewa wannan maganar malamai ce. Na ce, "Ba shafaƙi ba ne."

Baba ya sauko daga dutsen a hankali. Bai dube ni ba, liman ya duba.

"Ni dai ban iya kiran abin da idona bai shaida ba," ya ce. "A sa wani ya kira."

Liman ya yi ta ba shi baki, ya ce ai Lisha kaɗai ake magana, sauran huɗun nasa ne. Baba ya ce ladanin da jama'a ba su yarda da idonsa da dare ba, ba dalilin su yarda da shi da rana. Mai shago ya shiga gaba ya kira Lisha, yamma tana ja. Washegari da Asuba ma shi ya kira.

Ban kwana biyu a gida ba. Na ce aiki na jirana, kuma da gaske yana jirana, amma ba shi ya kore ni ba. Baba bai yi mini faɗa ba, bai ɗaure fuska ba. Na durƙusa na yi masa sallama ya sa mini albarka kamar kullum, ya ce in gaida malamina. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Mako na zagayowa na sayi agogo mai kyau a Kano na ba direban nan ya kai masa, a tunanina na yi gyara. Direban ya dawo ya ce ya karɓa ya yi godiya, ya miƙa wa Inna ta ajiye.

Daga nan na'urata ta fara ba ni ciwon kai. Idan aka yi ruwa da dare, gari ya waye sama ta wanku tas, ya kamata ta nuna rana da ƙarfinta. Sai ta riƙa nuna kamar an sa wa ranar labule. A Bebeji haka, a Kiru haka, a Tudun Wada haka. Takardun tace iska kuwa fari fat nake ciro su, ba hayaƙi ba komai. Na ce na'urar ce ta lalace. Na canja batir. Na buɗe ta na goge gilashinta da auduga, na mayar, ba ta canja ba. Na sake buɗewa. Wata rana a bakin hanya kusa da Kiru na fusata har na ɗaga ta zan buga da ƙasa, na tuna ba tawa ba ce. Malamina a lokacin yana hutun bincike a ƙasar waje, na zauna na rubuta masa wasiƙa mai zafi, na ce kayan da ake turo mana saura ne, waɗanda suka gama amfani a can, kuma awon da na yi na makonni ya tafi a banza.

Akwai wani abu kuma da ban sa a wasiƙar ba. Jan nan ya riƙa bi na. Magariba ta same ni a Kwanar Dangora, ga shi. A Bebeji, ga shi. A cikin birnin Kano, inda ba daji ba duwatsu, na hau benen ɗakin gwaje-gwaje na ga shi shimfiɗe a yamma, irinsa sak. Wace gobara ce ake gani daga Doguwa har Kano, kullum a wuri ɗaya, kullum a lokaci ɗaya, ba wari ba toka? Na san amsar da nake ba wa ɗalibai idan sun kawo mini irin wannan: bayaninka ya faɗi, nemi wani. Ni kuwa sai na daina hawa benen. Da rana ta yi sanyi sai in shige ɗaki in ja labule in ce ina da rubutu. Barci ya ƙi, abinci ya ƙi. Na ƙara yawan zagayen kwalabe duk da ruwa ya ɗauke, ba abin da zan tarar a cikinsu sai ƙwari. Sau uku ina isa Tudun Wada, hanyar Doguwa na gabana, in tsaya in sha mai, in juya babur in koma.

Amsar malamina ta yi mako shida kafin ta iso. Shafi ɗaya ce. Ya ce na'urar lafiyarta ƙalau, in daina buɗe ta kafin in kashe ta da gaske. Abin da nake gani, masu awo a duk ƙasashen da ke tsakiyar duniya suna ganinsa. Ya tambaye ni ko ba na sauraren rediyo ne. Dutsen nan mai aman wuta da ya fashe a tsibiran gabas mai nisa a farkon damina, ya watsa iskar farar wuta can sama da gajimare, a wani bene na sararin sama inda ruwa ba ya sauka balle ya wanke komai. A can iskar ta rikiɗe ta zama ƙananan ɗigo, dangin ruwan batir, waɗanda ido ba ya gani. Iskar da ke can kuma ta ɗauke su ta zagaya duniya da su cikin 'yan makonni. Za su yi shekara biyu ko uku kafin su sauka.

Na ji labarin dutsen a rediyo lokacin da abin ya faru. Ina shan shayi na ce Allah ya kyauta, na ci gaba da abin da nake yi. Ban taɓa kawowa a raina cewa abin da ya faru a bayan teku zai zo ya tsaya a kan masallacin ƙauyenmu ba. Duk karatuna a iskar ƙasa yake, wadda muke shaƙa. Abin da ke bisa gajimare babi ɗaya ne a littafi, na karanta don jarrabawa na manta.

A ƙasan wasiƙar ya ƙara layi biyu. Ya ce in riƙa auna lokacin da jan yamma ke gushewa, daga nan zan iya fitar da tsawon inda ɗigon suke. Kuma idan na san wani da ke lura da faɗuwar rana kullum, in tambaye shi yaushe abin ya fara, don irin wannan shaida tana da wuyar samu a ɓangarenmu.

A yammacin ranar na hau benen da agogo da takarda. Lissafin bai cika shafi ba, ɗan aji biyar ma zai iya. Ya ba ni sama da kilomita ashirin. Lissafin da na yi a kan dutse daidai ne, rana ba ta iya taɓa gajimare a wannan lokacin. Abin da ban tambayi kaina ba shi ne ko akwai abin da ya fi gajimare nisa. Rana ce ke haska shi. Na zauna a nan ƙasa har aka kira Lisha a masallacin jami'a.

Da sassafe na hau babur. Ban tsaya shayi a Kwanar Dangora ba, suna ta kirana. A hanya na yi ta shirya yadda zan faɗa masa, kuma, Allah ya yafe mini, har a lokacin akwai wani ɓangare na zuciyata da ke murna. Ina ganin kyauta zan kai masa. Zan ce Baba ka yi gaskiya, Turawa da na'urorinsu sun tabbatar, idonka ya riga su. Ina hango shi yana murmushi, ana mayar masa da ladancinsa, ni kuma in fita kunya cikin sauƙi.

Na same shi a zaure yana tufka igiya, an fara yankan dawa ana bukatar ta ɗaurin dami. Ya rame. Muka gaisa, ya tambayi hanya, ya tambayi malamina. Na rasa ta inda zan fara, sai na fara da dutsen bayan gari. Na ce ya san yadda rana kan faɗi a ƙauye amma kan dutsen yana nan da haske. Ya ce wannan ko akuya ta sani. Na ce to akwai wani abu da ya fi dutsen tsawo nesa ba kusa ba, ya fi gajimare, kuma ya fi daɗewa yana ganin rana. Na ba shi labarin dutsen da ya fashe da iskar da ta kwaso abin. Bai tambaye ni sunan ƙasar ba, bai yi mamakin nisan ba. Ya ajiye igiyar.

"Malamin boko, abu ɗaya nake tambaya. Me ke haska shi?"

"Rana ce, Baba."

"Ba wuta ba."

"Ba wuta ba. Shafaƙi ne. Ni ne na yi kuskure."

Na jira murmushin, bai zo ba. Ya sunkuyar da kai yana motsa yatsunsa, na gane ƙirga kwanaki yake yi, daga daren da na yi magana zuwa yau. Ya wuce wata biyu. 

"Da ma kai ne da gaskiya," ya ce.

Ban gane ba sai da Inna ta yi mini bayani a tsakar gida. Tun daga ranar bai fasa zuwa jam'i ba. Yakan bi su Lisha don kada a ce ya raba kan jama'a, ya dawo gida ya tsaya a bayan rumbu yana kallon yamma, idan ja ya mutu ya sake sallarsa shi kaɗai. Kuma kullum addu'arsa Allah ya sa idonsa ne ya lalace. Ta ce har ya sa an kai shi wajen mai duba ido a Tudun Wada, shi da ba ya barin gari, aka ce idonsa lafiya, ya dawo ransa a ɓace. Don idan idonsa ne ya lalace, shi kaɗai ya yi asara. Idan kuwa daidai yake gani, to sahu uku na mutane, da matan da ke bin kiran a gidaje, suna salla kafin lokaci kowane dare, kuma da bakin ɗansa aka sa su. Ni duk wata biyun nan abin da ke damuna shi ne yadda zan haɗa ido da shi. Ko sau ɗaya ban tuna da sallar kowa ba.

Da La'asar ya kira ni ya ce a gaban jama'a na ɗaura, a gaban jama'a zan kwance, kuma yau.

Na tsaya gaban jama'a bayan Magariba. Wannan karon ban yi dogon Turanci ba. Na ce abin da na faɗa musu ba daidai ba ne, jan nan shafaƙi ne, Baba ne da gaskiya, kuma na yi magana a kan abin da ban bincika ba. Na nemi gafararsu. Wani daga baya ya ce yau kuma dutse ne a bayan teku, gobe ko me za a ce, aka yi 'yar dariya. Mai shago ya ce kalandar nan malamai ne suka buga ta, ba shi ba. Bafulatanin nan yana zaune a gefe, ya dube ni kawai ya gyaɗa kai. Liman ya ce wanda ya yi aiki da abin da aka gaya masa yana da uzuri a wajen Allah, amma wanda zai iya rama sallolin ya rama, shi ma zai rama. Daga yau kuma ba Lisha sai ja ya gushe. Ya juya ga Baba ya ce ya yi haƙuri ya koma bakin aikinsa.

Baba ya ce a'a. Ya ce duba sama zai duba musu, wannan amana ce, amma kira na mai shago ne. An ba mutum aiki a gaban jama'a, ya yi wata biyu yana tashi tun kafin kowa, ba shi zai sa a karɓe masa a gaban jama'a ba, don ya san yadda abin yake. Liman ya roƙa, dattawa suka roƙa, mai shagon kansa ya ce ya yafe. Baba ya tashi ya hau dutsensa. Muka zauna har ja ya mutu, ya ɗaga hannu, mai shago ya kira.

Haka suka ci gaba. Kafin in koma na tambaye shi yaushe ya fara ganin abin, ya ce cikin watan Cika-ciki, ranar da aka yi ruwa da hantsi yamma ta buɗe, amma marka ta riƙa rufe shi sai jefi-jefi. Na duba, ya yi daidai da lokacin da iskar ta iso kan ƙasarmu. Wannan ya shiga takardar farko da na buga, a layi ɗaya, da sunan wani mai lura a ƙauye. Na watsar da hayaƙi na koma wancan benen na sama. Daga baya na bi malamina ƙasar waje, na yi shekaru ina bin yadda iskar can ke ɗaukar abu daga tsakiyar duniya ta kai shi kudu da arewa, da irin ɓarnar da ɗigon nan ke yi wa rufin da ke tare mana zafin rana. Na yi yawo har na gaji da filin jirgi. A taro idan aka tambaye ni yadda mutumin Doguwa ya shiga wannan fanni, nakan ce dutsen nan ne ya jawo ni, a yi dariya a wuce.

Jan ya riƙa raguwa a hankali, cikin shekara biyu da wani abu yamma ta koma yadda take, kalanda da idon Baba suka sake haɗuwa. Aka daina bukatar mai duba sama. Duk zuwan da zan yi gida sai na roƙe shi ya kira ko sau ɗaya ne, ko Azahar ce ranar da mai shago ya tafi Kano. Yakan ce ai an sami wanda ke riƙe masa, ya kawo wata hira. Ya rasu kafin shekarun casa'in su ƙare, ina wata ƙasa, sai bayan kwana huɗu labari ya same ni.

Shekara talatin da wani abu yana kira sau biyar a rana, na tashi da muryar nan a kunnena, ban taɓa tunanin tsayawa in saurara ba. Kiransa na ƙarshe shi ne Magaribar ranar da aka kira ni raba gardama. Ina wurin, ina alwala a gindin bango, taku kaɗan daga inda yake tsaye. Na yi ta ƙoƙarin tuno yadda ya kira ta, ko ya ja, ko muryarsa ta yi rawa. Ban ji ba. Ina can ina shirya abin da zan faɗa wa jama'a.